Laujen maƙeri da na kanti: wanne ya fi?

Masu kiwo a cikin garin Kano da masu ɗan fegin shinkafa a wajen Kura ku matso kusa, yau maganar lauje ce, don tunda ruwa ya sauka mutane ke tare ni a bakin layi suna tambaya wai ina na samo wanda yarana ke yankan ciyawa da shi, wai kuma da gaske ya fi irin na kanti ɗin nan mai jan fenti ko kuwa duk kanwar ja ce. Amsar dai ya fi shi nesa ba kusa ba, amma ba a kowane aiki ba, kuma shi kansa maƙerin da ya yi min akwai inda zan yaba masa, akwai kuma inda sai na faɗi gaskiya ko da ba za ta yi masa daɗi ba.

Ina da 'yan raguna da awaki a bayan gida, irin kiwon nan namu na mutanen birni da ake lallaɓawa har zuwa babbar sallah, kuma duk mai kiwo ya san yadda dusa da ƙowa da harawa suka koma, rago ɗaya sai ya nemi cinye kuɗin cefanen gida. To da damina Allah ya hore ciyawa kyauta a filayen da ba a gine ba da gefen hanya, abin da kake buƙata kawai lauje da buhu da yaro mai zuciya. Ban da wannan ni da yayana muna da ɗan fegi a yankin Kura, cikin gonakin nan da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, shi ne kuwa ke riƙe da noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam har yau. Shinkafa muke yi, wata shekarar mu ɗan taɓa alkama. Kenan laujen da zan yi magana a kai ba a rataye ya kwana ba, ya ci ciyawar damina ya ci shinkafar kaka, kuma hannaye da yawa sun riƙe shi, ciki har da na yaran da ba su san zafin nema ba.

Na kantin na fara saya bara, a wani shagon kayan noma inda ake sayar da iri da maganin feshi. A ido wallahi kyakkyawa ne, ba nauyi, bakinsa da 'yan haƙora ƙanana a jere reras, ƙotar sumul, ga araha don bai kai kuɗin na maƙeri ba. Kwanakin farko ci yake kamar me, yaro ya kamo ciyawa ya ja sau ɗaya ta rabu. Matsalarsa ƙarfen ne, siriri ne sosai kai kace murfin gwangwani aka yanko aka lanƙwasa, kuma filayen cikin gari ai kun san su, ƙarƙashin ciyawar nan ɓaraguzan bulo ne da fasassun kwalabe da guntayen waya, da bakin ya haɗu da dutse sai haƙoran su kwanta, wurin ya koma shafal. Sannan wuyansa, daidai inda ƙarfen ya shiga ƙota, nan yake lanƙwashewa in an gamu da gamba ko wata ciyawa mai taurin gindi, ka miƙar da hannu ya sake lanƙwashewa, ka sake miƙarwa, a haka har wurin ya tsage. Ƙotar kuma ƙusa ɗaya ce tal ta riƙe ta. Kafin damina ta raba tsakiya ya fara girgiɗi, yara suka naɗe shi da robar tayar keke suna ta fama.

Shi ne wani maƙwabcina dattijo mai kiwon tumaki yace in daina wahalar da kaina in shiga cikin birni wajen maƙera, ya kwatanta min wata maƙera a lungunan da ke kusa da kasuwar Kurmi. Wanda bai san wajen ba zai iya wuce ta bai lura ba, in ba don ƙarar masaba ba. Ɗan ɗaki ne da rumfar kwano a gaba, bango ya yi baƙi ƙirin, uwar maƙera a kafe a ƙasa, awartaki da masaba da guntayen ƙarafa ko'ina, a gefe kuma tulin gawayi. Zugazugin fata na da babu shi, wilin keke suka haɗa da wata 'yar fanka, yaro na zaune yana juyawa wuta na tashi. Mai wajen dattijo ne, 'ya'yansa ke dukan ƙarfe shi yana riƙe da awartaki yana juya musu.

Na yi sallama muka gaisa nace, “Baba, lauje nake so mai kyau.”

Bai ko ɗago ba yace, “Me za ka yanka da shi, ɗan nan?”

Nace ciyawa, amma in kaka ta yi za a kai shi gonar shinkafa.

Yace, “To biyu kake nema kenan. Na ciyawa daban na shinkafa daban. Waye zai riƙe, kai ko yara?”

Tun daga nan na san na zo inda ya dace, don a shagon da na sayi na farko babu wanda ya tambaye ni komai, miƙo kuɗi karɓi kaya ne kawai. Baba ya ajiye awartaki ya ɗauko guda biyu ya nuna min. Na ciyawa bakinsa a buɗe yake, ya fi faɗi da nauyi, kaifinsa sumul ba haƙori, don ɗanyar ciyawa sara da shara take so, kuma in ya dakushe ka goga a dutse ka ci gaba. Na shinkafa ya fi lanƙwasa, ya fi sirantaka, an sassara masa haƙora a baki, saboda karan shinkafa in ya bushe santsi gare shi, baki sumul zamewa yake a kai sai ka yi ta fizga, fizgar nan kuwa ita ke girgiza zangarniya ƙwaya ta zube a ƙasa tun kafin a kai wajen bugu. Mai haƙora kama karan yake ya yanke shi a ja ɗaya. Duka biyun na ba da aiki a yi min.

A nan bari in ɗan tsaya saboda 'yan birni irin su ƙanena da ke ɗauka duk abin da aka shuka da lauje ake cire shi. Shinkafa da alkama da riɗi da ciyawa su ake yanka da lauje, shi ya sa za ka ji ana cewa yankan shinkafa. Gero da dawa kuwa girbe su ake yi, da magirbi ake sare karan daga gindi a kwantar, daga baya a bi da 'yar wuƙa a yanke kan a ɗaure dami. Gyaɗa tonawa ake, wake kuma roro. Duk wanda ya shiga gonar dawa da lauje yana nufin girbi zai sha dariya a ƙauye, kuma laujen ma ba zai kai labari ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar ƙarfe. A gaban rumfar akwai laujuna a shanye a kan buhu, gamammu, masu sauƙin kuɗi, na kai hannu zan ɗauka sai Baba yace, “Bar waɗannan, na 'yan sari ne.” Ashe su daga falankin duro da ƙananan ƙarafa ake yanko su, a buga sama-sama a kai kasuwannin ƙauye. Na kirkin daga sifirin ɗin mota ake yin sa, irin wanda suke sayowa wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, don shi ne ƙarfen da ke karɓar ban ruwa ya yi tauri ya riƙe kaifi, rodin gini kuwa ko ka kwana kana wasa shi ba zai riƙe ba. Ya ɗauki ɗaya daga kowanne ya ƙwanƙwasa da bayan awartaki, na duron yace ƙwal ya yi shiru, na sifirin ɗin kuwa ya yi ƙara siririya mai ɗan jan lokaci. Wannan gwajin kowa zai iya yinsa a kasuwa, ba sai ka san ƙira ba.

Na tsaya na ga yadda suke yi wa wani nasa. A sa guntun sifirin a wuta har ya yi jawur, a fito da shi a yi ta duka ana miƙar da shi ana sirantar da gefe ɗaya, a mayar wuta, a fito, a hankali a fara lanƙwasa shi a gefen uwar maƙera, ɗaya ƙarshen kuma a ja shi ya yi tsini, shi ne zai shiga ƙota. Wajen ban ruwa ne Baba ba ya barin kowa ya taɓa, da kansa yake duba launin ƙarfen a cikin duhun ɗakin, ya tsoma bakin kaɗai ya ɗaga, ya ɗan jira zafin da ya rage a gadon bayan ya dawo wa bakin, sannan ya tsoma gaba ɗaya. Yace in ruwa ya yi yawa bakin ɓantarewa zai yi da ya taɓa dutse, in ya yi kaɗan kuma naɗewa zai yi. Gawayin ma ba kowanne ba, na ƙirya suke nema saboda ƙarfin wutarsa da jimawa, yana ta ƙorafin yadda ya yi wuya yanzu. Ƙira a garin nan ai ba baƙuwa ba ce, kasuwar Kurmin kanta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma tun kafin nan ake labarin maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Yanzu babu mai narka tama, tsohuwar mota ce ta zama ma'adinin, amma hannun dai yana nan.

To yanzu aikin. Na ciyawar nan ya yi damina ya shiga wata, har yau wuyansa bai ko lanƙwashe ba. Harƙiya da ƙyasuwa ba a ma maganarsu, gamba mai tsohon gindi da ta gagari na kanti shi sara ɗaya yake mata, nauyinsa ke yin rabin aikin. Ya sha haɗuwa da bulo, abin da ya samu bai wuce 'yar tsaga ƙarama a baki ba, aka goge ta a dutse ta tafi. Amma fa nauyin nan yana da nasa, ƙaramin yarona in ya ɗan jima yana yanka sai ya fara sauya riƙo yana yarfe hannu, saboda haka in yara ƙanana ne za su yi aikin a faɗa wa maƙerin ya rage faɗi.

A gonar shinkafa kuwa labarin ya ɗan sauya, kuma nan ne zan yi wa na kanti adalci. 'Yan ƙwadagon da ke mana yanka kowa da laujensa yake zuwa, kuma da yawansu irin na kantin ne a hannunsu, na tambayi wani daga ciki dalili yace, “Alhaji, wuni za ka yi a sunkuye, abin da ba shi da nauyi shi ne naka, in ya mutu bayan kaka ka sayi wani.” Gaskiyarsa ne, a cikin fegin shinkafa babu bulo babu kwalba, ƙasa ce mai laushi da kara iri ɗaya, ba abin da zai karya shi da wuri, kuma haƙoran inji sun fi na hannu daidaito. Na ba shi na Baba mai haƙora ya gwada, ya yi layi guda ya dawo yace ci kam ya fi nasa ci, kuma ya fi shiga ƙarƙashin shinkafar da ta kwanta, wadda ko injin girbi ya shigo sai an bi ta da hannu, amma da za a rage masa nauyi kaɗan da ya fi. Ni a ganina mai yankan shinkafa na haya da ke neman sauri na kanti ya ishe shi, mai gona da ke son abin da zai ajiye shekara da shekaru ya je wajen maƙeri, mai yankan ciyawa a cikin gari kuwa kada ma ya ɓata kuɗinsa a kanti.

Saura inda Baba ya gaza. Na farko alƙawari. Ya sa min rana na zo ba a ko fara ba, aka sake sa wata, uzurin dai ba ya ƙarewa, yau an kawo gyaran garma na gaggawa gobe an tafi jana'iza jibi gawayi ya yanke, kuma babu wanda zai kira ka ya gaya maka, sai ka keto go-sulo ka ratsa lungu ka tarar da “ka ɗan ƙara haƙuri ɗan nan”. Wanda ke da gaggawa zai ji haushi sosai. Na biyu ƙota. Duk ƙwarewar da aka zuba a ƙarfen ba a zuba ko rabinta a icen ba, ƙotar da suka sa min ɗanya ce kuma ba a goge ta ba, ta tayar wa babban yarona da bororo a tafin hannu, da iskar hunturu ta kaɗa kuma icen ya bushe ya tsuke, bakin ramin ya tsage ƙarfen ya fara wasa. Da na mayar an gyara ba a karɓi ko sisi ba, aka sa busasshen marke aka ɗaura masa zoben ƙarfe a wuya, tun daga nan shiru, amma ai da tun farko aka yi hakan. Don haka duk wanda zai je ya faɗa da bakinsa: busasshiyar ƙota, a goge ta, a sa zobe. In ba ka faɗa ba ba za a sa ba. Na uku kuma ba sa karɓar taransifa, sai tsabar kuɗi, sai da na fita neman mai POS, kuma wajen zama babu, a tsaye za ka sha hayaƙi.

Kuɗinsa ya kusa ninka na kanti, kuma Baba ba ya son dogon ciniki, in ka cika ja sai ya nuna maka na kan buhu yace ga daidai kuɗinka nan. Ni ban ga tsadarsa ba, tunda na kantin bai fitar da damina ɗaya ba a hannun yarana, ga shi kuma duk ranar da haƙoran na shinkafar suka cinye zan mayar a sake sassara su, in ƙota ta mutu a sa wata, in bakin ya yi laushi a sake ba shi ruwa. Wannan ne na kanti ba shi da shi, ranar da ya tsage sai dai a tara shi a ba 'yan jari-bola.

Wajen kula da shi akwai abin da nake roƙon mutane, don Allah a daina kai lauje wajen masu wasa wuƙa da giranda. Injin nan zafi yake sa wa bakin, kana gani zai yi shuɗi-shuɗi, to ruwan da maƙeri ya ba shi ya tafi kenan, zai yi kaifi ranar amma gobe ya dakushe. Dutsen wasa da ɗan ruwa ya isa. Mai haƙora kuma ba a wasa shi ta ɓangaren haƙoran, ta bayan ake gogawa, wajen da yake shafe, haƙoran da kansu za su fito. In an dawo daga yanka a goge danshin a shafa masa ɗan baƙin mai a rataye inda yara ƙanana ba sa kaiwa, don barinsa a ƙasa cikin turke fitsarin dabbobi ke cinye shi da tsatsa. In kuma tsautsayi ya sa ya yanki mutum, yawanci a ɗan yatsan hannun da ke kamo ciyawar ne, a wanke da sabulu a je a yi allurar tetanus, a bar zancen barbaɗa ƙasa ko toka. Yara kuma su riƙa kaɗa ciyawa da sanda kafin su zura hannu, damina ce.

Sai maganar ɗauko shi daga kasuwa, wadda ba wasa ba ce a Kanon yanzu da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya. Kada ka riƙo shi tsirara ka shiga adaidaita sahu, ko ka ba matashi ya ratsa unguwa da shi bayan magariba, fasinja za su tsorata kuma in jami'an tsaro suka tare shi sai ya yi dogon bayani. Baba da takardar buhun siminti ya naɗe min nawa ya ɗaure da igiya, duk da haka tsinin sai da ya huda takardar ya leƙo, mai adaidaitan ya kalli ƙunshin ya kalle ni yace, “Alhaji, yau dai na ga lauje cikin naɗi da idona,” muka yi dariya, amma na lura bai daina leƙena ta madubi ba har na sauka. A sa shi cikin buhu, a kai gida da rana.

Wanda ke so na shinkafa ya je tun kafin kaka ta matso, don daga an fara yanka wajen Oktoba zuwa Nuwamba maƙerar cika take da 'yan sari da masu gyara, alƙawarin da dama ba a cikawa sai ya ƙara nisa. In kuma kana da bahago a gida ka faɗa tun wajen ba da aiki, saboda gefen da ake fitar wa kaifi da haƙora na mai hannun dama ne, bahago in ya riƙe sai bakin ya riƙa hawa kan kara maimakon ya ci. Ɗan yayana bahago ne, nasa na ba da aiki yanzu, na kuma biya rabin kuɗi kawai, sauran sai na ga lauje a hannuna.